A Daina Gajiyar da Yara Kafin a Busa Usur

Duk mai zuwa kallon wasan kofi a Kankiya ko Kusada ya san abin da ke cina. An sa wasa ƙarfe huɗu, amma tun uku koci ya fito da yaransa: gudu, tsalle, miƙa ƙafa, zagayen fili, har riga ta jiƙe sharkaf. Sai kuma a ce su zauna, babban baƙo yana hanya. Ya iso, a gaggaisa, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Kafin a take ƙwallo jiki ya huce, ƙarfin kuma an bar shi a wajen ɗumama jiki. Haba jama'a!

Malam koci, awa guda kana wahalar da yaro, da wane numfashi zai yi minti 90? Shirin ɗumama jiki da FIFA ta fitar don rage rauni, mai suna 11+, kusan minti 20 ne kacal. Kai wa ya ce maka yawan gumi shi ne shiri?

Ku dubi 'yan gasar ninƙaya na duniya. Michael Phelps na Amurka, wanda ya ci zinare 8 a Beijing a 2008, lokacin da yake gasa, da shi da abokan karawarsa cikin manyan rigunan sanyi suke fitowa bakin ruwa. Sun riga sun ɗumama jiki, an tara su a ɗakin jira, sun kuma san tsoka tana saurin hucewa idan an zauna. A wasan da ake cin mutum da ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ba sa yarda zafin nan ya tafi a banza. Mu kuwa cikin iskar hunturu muke zaunar da yara a ƙasa da jiƙaƙƙiyar riga, in tsokar cinya ta riƙe wani a ce rago ne.

Na yarda, baƙon nan shi ya sayi kofi da riguna, ya cancanci girmamawa. To a yi jawabin bayan an tashi, lokacin miƙa kofi.

Masu shirya gasa, don Allah ku tsayar da lokaci guda. Kociyoyi, minti 20 ya isa, kuma daga ɗumama jiki sai cikin fili.