Murhun Kano, Dajin Zazzau: Bitar Littafin Wood Fuel in Kano

A shekarar 1990 Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Tokyo ta buga wani madaidaicin littafi mai suna Wood Fuel in Kano, bincike a kan itacen girki a birnin Kano da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Malamai shida na sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero ne suka haɗa hannu a kansa: Reginald Cline-Cole, J. A. Falola, Hamish Main, Michael Mortimore, Janet Nichol da F. D. O'Reilly. Mu mutanen Samaru muna da rabo a ciki, domin marigayi Mortimore, wanda ya rasu a 2017, a Jami'ar Ahmadu Bello ya fara koyarwa tun 1962, bai koma Kano ba sai 1979, kuma a Samaru ya shirya littafin Zaria and its Region a 1970.

Littafin ya haura shekara talatin, amma bai tsufa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma kilon gas ya haye naira dubu, gidaje da yawa a Hayin Dogo, Palladan, Muchiya da Chikaji sun jingine tukunyar gas sun jawo kurfoti ko murhun duwatsu uku. Kalanzir kuwa tun 2016 aka cire masa tallafi, ya fi ƙarfin talaka. Tambayar da waɗannan malamai suka yi ta dawo ƙofar gidanmu: daga ina itacen nan yake fitowa, kuma wa yake biyan kuɗinsa na gaskiya?

Lokacin da suka fara aikin, duniya ta riga ta yanke hukunci. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da kuma takardar da Erik Eckholm ya wallafa a Amurka a 1975 a kan ƙarancin itace, masana sun ɗauki wani lissafi mai sauƙi: ga yawan jama'a, ga abin da kowa ke ƙonawa a shekara, ga abin da daji ke iya tsirarwa, tunda abin da ake ƙonawa ya fi abin da ke tsirowa, to daji zai ƙare, kuma zai fara ƙarewa ne daga bakin birni yana yin waje. A wannan lissafi, ƙasar Kano, mai cunkoson jama'a da gona a jikin gona, ita ce ta farko da ya kamata a tarar fayau.

Abin da ya fi burge ni shi ne marubutan ba su tsaya gardama a ofis ba, sun fita sun ƙirga. Sun ɗauki hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1972 da na 1981 suka gwada su, sun shiga gonaki suka auna bishiyoyi, sun tambayi magidanta, sun bi masu sayar da itace har inda suke saro shi. Abin da suka tarar ya saɓa wa lissafin. A gonakin da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka fi yawa, bishiyoyi ba su ragu ba, a wasu wuraren ma ƙaruwa suka yi, duk da cewa fari ya ratsa tsakanin hotunan biyu.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san dalili, ko da bai taɓa faɗinsa da baki ba. Ɗorawar da ke tsakiyar gona tana da mai ita. Kalwarta daddawa ce, garinta abinci ne. Kuka miya ce, tsamiya kunu ce, gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da awaki. Manomi ba ya kayar da irin wannan bishiya don murhu. Sassabe yake yi mata, ya ɗauki reshe ya bar gindi, baɗi ta sake tofowa. Idan bishiya ta tsufa ta daina 'ya'ya, ko wata babbar lalura ta taso, sannan a sayar wa masu faskare. Matar gida kuma ba itace kaɗai take hurawa ba, akwai kara da ƙirare. Tun a shekarun 1960 Mortimore ya lura da jakunan da ke shiga Kano da itace su fito da taki, wato birni da ƙauye suna ciyar da juna. Littafin ya ɗauki wannan sani na manomi, wanda ake yi wa kallon jahilci, ya kafa masa hujja da alƙaluma har ya isa teburin masu tsara manufofi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma sun yi shi ba tare da kururuwa ba.

Sai dai akwai ɗaya rabin binciken, wanda masu yabon littafin kan yi saurin wucewa, alhali shi ya fi shafar mu. Kano ba ta rage cin itace ba. Abin da ya sauya shi ne inda take samo shi. Jaki ya ba babbar mota wuri, kuma mota ba ta tsayawa a gonar mutum, sai ta nausa nesa, kilomita ɗaruruwa, zuwa dazuzzukan da itace yake da araha saboda babu mai tsaya masa. Idan mai karatu yana zaune a Kano, wannan babi ne kawai a littafi. Idan yana zaune a Sabon Garin Zariya, ya tsaya a Kwangila ya ga motocin itace da buhunan gawayi suna miƙawa arewa, zai gane cewa ɓangarenmu ake nufi. Ƙasar Zazzau ta fi ta Kano ruwan sama, tana da doka da maje da marke da ƙirya, kuma yawancin wannan arziki yana cikin dajin da a takarda na gwamnati ne ko na kowa da kowa. A can ne gatari yake cin gindi. Don haka lafiyar ɗorawar Kano, a wani ɓangare, dajin kudu da ita ne ya biya.

Da wannan ma'auni nake duban manufofin gwamnati, kuma da yawansu ba sa cika mudu. A ƙarshen 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhuna 750,000 a raba wa mata, shirin da ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce. A 2021 aka ayyana shekaru goma na gas, a taron sauyin yanayi na Glasgow kuma Shugaba Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa. A 2024 aka amince da manufar ƙasa ta girki mai tsafta. Niyya ce mai kyau, ba na musu. Amma duk suna kallon murhu ne, suna ɗaukar mai girki a matsayin tushen matsala, kamar wayar da kai kawai ta rasa. Matar da ke sayen ƙullin gawayi a leda a kasuwar Samaru ta san gas ya fi tsafta, ta san ba ya baƙanta tukunya. Kuɗin cefane ne ke zuwa mata kullum-kullum, kuma itace da gawayi ne ake samu daidai kuɗin yini ba tare da an fara sayen tukunya da kanta ba. Mai gidan burodi, mai tsire, mai ƙosai da mai dafa abincin biki su ma lissafi suke yi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, na tashoshin lantarki da masana'antu ne. Ba shi zai cika tukunyar uwargida ba.

A 2021 gwamnatin Kaduna ta hana sare itatuwa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Giwa da Birnin Gwari, ta kuma hana jigilar itace da gawayi. Dalilin tsaro ne ya sa, kuma ana iya fahimtarsa. Amma ya nuna yadda murhun gari yake rataye da dajin da ba ya gani, kuma hani kaɗai, idan babu madadi, tsada yake haifarwa.

Abin da littafin ya nuna a Kano, Maraɗi ta tabbatar da shi a aikace. Tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara rainon tohon kututture a gona maimakon jiran dashe daga gandun reno, kuma hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa bishiyar da ke gonar talaka, kudancin Nijar ya farfaɗo da bishiyoyi a kan kusan hekta miliyan 5. Babu bikin dashen itatuwa da ya taɓa kusantar wannan. Mu a nan har yanzu mun fi son ranar dashe, a ɗauki hoto, a watse, awaki su zo su ƙarasa. Dashen da ba a ce wa kowa nasa ne ba, ba a ce wa kowa shi zai ci amfaninsa ba, da wuya ya ga damina ta biyu.

Littafin yana da nasa raunin. Na farko, da Turancin masana aka rubuta shi, cike da jadawali, ta yadda manomin da aka wanke a ciki ba zai taɓa jin an wanke shi ba. Na biyu, hankalinsa ya fi karkata ga bishiya da kasuwa fiye da ƙirjin mai hura wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Ko da daji bai ragu da reshe ɗaya ba, wannan kaɗai ya isa a nema wa mata mafita, kuma kada wani ya fake da littafin ya ce a bar su da hayaƙi. Na uku, zamani ya wuce wasu hujjojinsa. A wancan lokaci gawayi na maƙera ne da masu guga. Yau shi ne makamashin gidajen haya, kuma mai yin gawayi ba reshe yake nema ba, gindi yake so, na ƙirya da marke, har da kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe daga gare ta. Haka nan bishiyar gona tana tsira ne muddin gonar na nan. Duk wanda ya san hanyar Basawa ko bayan Bomo ya ga yadda ake yanka gonaki filoti-filoti, kuma ranar da aka kafa turakun siminti, ɗorawa ce take fara faɗuwa.

Waɗannan ba su rage masa daraja a idona ba, sai dai sun nuna inda aikin ya tsaya. Samaru tana da Cibiyar Binciken Aikin Gona da ta samo asali tun 1922, tana da tashar binciken dazuzzukan savana, tana da sashen nazarin ƙasa, ga hotunan tauraron ɗan'adam da yanzu ake samu kyauta a kwamfuta. Abin da mutum shida suka yi wa Kano da hotunan jirgin sama, ɗaliban yau za su iya yi wa Zariya cikin sauƙi: a ƙirga motocin gawayi da ke shigowa ta hanyar Funtuwa da ta Jos da ta Kaduna, a san nawa ke sauka a Sabon Gari nawa ke wucewa, a bi buhu har ramin da aka ƙona shi, a tambayi wa ya ba da izini da kuma nawa ya shiga hannun mutanen ƙauyen. Sannan a rubuta sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo, domin dagatai da manoman Giwa da Soba su ji abin da ake fitarwa daga dajinsu.