Ƙananan Igwoyi a Wasan Yaƙi na Tebur da Yaƙin Kona

Wasan yaƙi na tebur al'ada ce da ta samo asali a Turai, inda ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a shimfiɗar da aka tsara kamar fagen daga, sannan a maimaita wani yaƙi na tarihi bisa ƙa'idojin da suka fayyace tafiyar kowace runduna da nisan da harsashi zai kai. Sojojin Firushiya sun karɓi wasan Reisswitz a 1824 don horar da hafsoshi, amma igwa ce ta yaɗa wasan yaƙi a gidajen farar hula, domin littafin H. G. Wells na 1913 mai suna Little Wars an gina shi ne a kan 'yar igwa mai harba guntun katako ta kayar da sojan darma. Irin waɗannan sojoji kamfanin Britains ya fara zuba su da rami a ciki a 1893, tsawon kowanne kimanin milimita 54, bai kuma daina ba sai a 1966, lokacin da tsoron gubar darma ya yi ƙarfi.

Masu wannan sha'awa sun kasu biyu, kuma ba su cika jituwa ba. Mai tarawa yana son fentin asali ko da ya koɗe, saboda sabon shafi yana karya darajar tsohon kaya. Mai wasa kuwa daidaito da tarihi ne gabansa. Shi ne ke kankare layin da mazubi ya bari, ya tsiyaya fenti mai ruwa-ruwa ya kwanta a lungunan ƙafar igwa, sannan ya goga buroshi kusan busasshe a bakin bututun har ƙyallin tagulla ya fito. Launin keken igwa ma hujja ce, tunda a zamanin Napoleon na Faransa kore ne, na Birtaniya toka-toka, na Ostiriya rawaya.

Ba a kan tebur kaɗai igwa ke da tasiri ba: a Jalingo, tana cikin labarin kafuwar garin. A ƙarshen 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya sami taimakon Louis Mizon, hafsan sojan ruwan Faransa da ya hauro Binuwai, kuma da igwoyinsa aka ci Kona, garin Jukunawa da ya daɗe yana gagarar dawakin Muri. A 1893 sarkin ya mai da sansaninsa na kusa da wurin mazauni, wato Jalingo, wanda ya zama hedikwatar Taraba a 1991. Ga mai nazarin wasan, da wuya a sami misali mafi kyau na yadda makami guda ke sauya ma'aunin yaƙi.

Sai dai a nan ne raunin al'adar yake bayyana. Kamfanoni sun cika kasuwa da sojojin yaƙin Zulu da na Sudan, don haka wanda ke son jera Kona dole ya gyara na wasu, da hannunsa ya ɗora wa doki lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ke tare kibiya. Ƙa'idojin kuma ta gefen mai harbi suke kallon fage: suna ƙirga nisa da yawan waɗanda suka faɗi, wasa ya ƙare da zarar gari ya buɗe, alhali kuwa a Kona bayan nan ne aka kwashi mutane da yawa aka bautar.