Littafin Milosh A Kan Malaman Da Aka Ɗaure Wa Hankali

Littafin da za mu duba wannan mako wani mawaƙin ƙasar Polan ne ya rubuta shi, ana ce da shi Ceslaf Milosh. An haife shi cikin 1911. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da 'yan Kwaminis suka kama mulkin ƙasarsa da ƙarfin sojan Rasha, ya yi musu aikin jakadanci a Amurka da Faransa. Cikin 1951 ya ajiye aikin, ya nemi mafaka a Faransa. Cikin 1953 aka buga littafin a birnin Paris. Turawan Ingila na kiransa The Captive Mind, watau hankalin da aka kama aka ɗaure.

Abin da ya dame shi ke nan: ƙaƙa mai ilmi, wanda ba a ɗora masa wuƙa a wuya ba, zai miƙa alƙalaminsa ga masu mulki, ya dinga yabon abin da zuciyarsa ta ƙi?

Inda littafin ya fi armashi shi ne babin Ketman. Kalmar nan ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa Larabci, gama asalinta ɓoyewa ne. Milosh ya tsinto ta daga littafin wani Bafaranshe, Gobino, a kan mutanen Farisa. Ya ce malamin Polan ya kan tashi a taro ya yabi Rasha, alhali kuwa a ransa yana raina ta, har ya riƙa jin daɗi wai ya fi masu sauraronsa wayo. To, amma fa wanda ya daɗe da rawa da fuskar aro, ran da ya so tuɓe ta sai ya tarar ta manne. Nan Milosh ya gwada gwaninta ƙwarai, don kuwa da kansa ya yi rawar.

Sa'an nan ya kawo labarin marubuta huɗu, ya sakaya sunayensu da haruffan Girka. Na Beta ya fi ban tausayi. Shi ne Tadewush Borofski, wanda ya tsira daga sansanin Jamus na Aushwits, ya zama ɗan barandan sabuwar gwamnati, kāna ya kashe kansa cikin 1951, bai cika shekara 30 ba.

Duk da haka muna da ƙorafi. Manomi da leburan masana'anta kusan ba su da murya a littafin nan, sai ka ce masu alƙalami kaɗai aka mulka. Kuma ya yi wa abokansa ado da yawa, ya mai da faɗuwarsu ta zama gardamar falsafa. Gustab Herlin, ɗan ƙasarsu wanda ya sha aikin dole a sansanin Rasha, ya ga tsoro da kwaɗayi sun isa su bayyana yawancin abin. Mu dai mun fi karkata wajensa, ko da ya ke ba mu ce Milosh ƙarya ya yi ba. Ma'aikatan nan da ya tsallake kuwa, su ne suka yi yajin aiki a Gadansk cikin 1980, shekarar da aka ba shi kyautar Nobel, har mulkin ya rushe cikin 1989.