Sharhin Fim a Jaridun Ɗalibai: Labari Muke Maimaitawa

Duk wanda ya saba karanta jaridun ɗalibai, na bango ko na intanet, ya san yadda sharhin fim yake tafiya a cikinsu. Marubuci zai jero sunayen jarumai, ya kwashe labarin daga farko har ƙarshe, sannan ya rufe da cewa fim ɗin ya faɗakar, ko kuma ya ɓata tarbiyya. Mu ma da irin wannan rubutu muka fara, kuma mun daɗe kafin mu gane cewa fim ɗin kansa ba mu taɓa shi ba.

Mu ɗauki Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗalibin da ya ba mu labarin yadda aka sace Umar yana yaro, da yadda mahaifiyarsa ta keta sahara tana nemansa, littafin kawai ya taƙaita mana. Aikin Halilu yana cikin inda ya dasa kyamara, da tsawon lokacin da ya bar ta a kan fuska, da abin da ya zubar daga littafin. A nan ya kamata mai sharhi ya tsaya.

Saboda haka muna ba ɗalibi shawara ya zaɓi fitowa ɗaya, ya kalle ta sau biyu, ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji. Idan waƙa ta shigo, ya faɗa mana ko ta ciyar da labarin gaba ne ko ta tsayar da shi. Idan ya ce jaruma ta iya wasa, ya nuna mana wurin. Kada kuma ya fallasa ƙarshen labari, domin wasu ba su kalla ba tukuna.

Ba mu ce a jefar da batun tarbiyya ba. Sai dai Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, malamai kuma suna da mumbarinsu. Abin da Kannywood ta fi rashi shi ne mai kallon da zai gaya wa darakta cewa sautinsa ya yi rauni ko haskensa ya kashe fitowa, ya kuma kawo hujja. Idan ɗalibanmu ba su koyi wannan tun suna makaranta ba, daraktocinmu za su ci gaba da jin kirarin masoya da faɗan masu wa'azi kawai.