Malamin Mai Gida: Asiri da Kujerar Mulki a Ƙasar Dutse

A shekarar zaɓe akwai kasuwar da take ci a ƙasar Dutse ba tare da rumfa ba. Tun kafin jam'iyyu su fara sayar da fom, za ka ga motoci masu baƙin gilashi suna ratsa hanyoyin ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu bayan sallar isha'i, suna tsayawa a ƙofar zaurukan da ko ɗan acaɓa ba ya zuwa sai da dalili. A sa wannan ya shiga halwa, a kai wa wancan baƙin bunsuru, a aika wani yaron gida Borno ko Damagaram ya ɗauko wanda aka ce aikinsa kamar yankan wuƙa. Mai neman kansila yana da malaminsa guda. Mai neman abin da ya fi haka kuwa, shi kansa bai san adadin masu yi masa aiki ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne yadda sana'ar ta baro zaure ta koma cikin waya. A da malamin tsibbu yana ɓoye kansa, yana ɓoye mai zuwa wurinsa, don rufin asirin shi ne rabin jarinsa. Yanzu buɗe TikTok ko Facebook ka ga mutum ya sha rawani, ya rataya carbi mai dubu, lambar wayarsa na yawo a ƙasan hoto, yana tallar farin jini da kwarjini da ɗaurin baki da galaba a kan abokin hamayya. Wasu ma har sanar da wanda zai ci zaɓe suke yi, kamar masu hasashen ƙwallo. Kuɗin aiki ta banki ake turawa.

Ba zan shiga gardamar ko asiri yana ci ko ba ya ci ba. Lissafin sana'ar kawai ya ishe ni. 'Yan takara biyar, kujera ɗaya, kowannensu an ce masa an duba an ga nasara. Dole ɗaya ya ci. Malamin wanda ya ci ya zama gagara-badau, sai layi a ƙofar gidansa. Malaman sauran huɗun kuma suna da amsa a aljihu: ba a yanka ragon a kan lokaci ba, ko mai gida ya karya sharaɗi, ko wani na jikinsa ne ya kai sirrin ga abokan gaba. Ban san wata sana'a da ba a faɗuwa a cikinta kamar wannan ba.

Masu kare abin sukan ce gado ne, ai sarakunan da ma haka suka yi mulki. Akwai gaskiya a ciki, amma sai an duba wane irin abu suka yi. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ƙasar Dutse ta daɗe a inuwar Kano, wani lokaci da auratayya, wani lokaci da takobi, kamar zamanin da Sarkin Kano Kumbari ya kawo wa Ada, mai mulkin Dutse, yaƙi. Saboda haka abin da littafin tarihin sarakunan Kano ya adana namu ne mu ma. A ciki akwai labarin Sarki Kanajeji, wanda ya kawo lifidi da sulke amma duk da haka Zazzagawa suka kore shi. Ya nemi shawara, aka ce ya koma ga abin da kakanninsa suke bauta wa. Ya koma, ya sake fita, ya yi nasara. Akwai kuma Dirki, wanda Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu ana yi masa yankan shanu tsawon zamunna, har Sarki Alwali ya gaji da ba da shanun ya sa aka fasa shi da gatari. Mutane suka ce za a fitar da shi daga Kano kamar yadda ya fitar da abin da ke cikin Dirki. Masu jihadi suka kore shi, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Ko me mutum zai ce game da ɓatan da ke cikin waɗannan, kuma ɓata ne, abu ɗaya a fili yake: na gari ne. Ana yin su don ganuwa ta tsaya, don a ci yaƙi, don ruwa ya sauka, kuma kowa ya san inda suke da abin da ake kashewa a kansu. Asirin ɗan siyasar yau na mutum ɗaya ne, don kujera ɗaya, kuma bakinsa yana kallon wani ɗan garin, sau da yawa ma ɗan jam'iyyarsu. Wanda ya kira wannan gadon sarakuna ya ci mutuncin sarakunan.

In gado ake nema, akwai wani a ajiye. A Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a lokacin babbar salla ya raba musu dukiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar nasa kason, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Malami ne a gaban mai mulki, ya sami damar roƙo, ya roƙa wa wasu. Kuma shi ne ya yi ta rubutu a kan masu gauraya Musulunci da yanka ga duwatsu da itatuwa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Nijar, Amadou Oumarou Bonkano, mutumin da aka sani da yi wa shugaban ƙasa Seyni Kountché aikin asiri, ya hau har ya zama na hannun daman shugaban, sannan a 1983 ya nemi ya kifar da shi. A Amurka an gano a 1988 cewa matar shugaba Ronald Reagan tana tuntuɓar wata mai duban taurari kafin a tsayar da ranakun tafiye-tafiyen mijinta. A nan gida, rikicin Anambra na 2003 ya tono batun rantsuwar siyasa a gidan tsafin Okija, kuma a binciken kuɗin makamai da aka fara a 2015 an ji zargin cewa biliyoyin naira sun tafi da sunan addu'a. Labarin Bonkano ne ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna ƙarshen hanyar: wanda ka yarda shi ya ɗora ka, wata rana zai tambayi kansa me ya hana shi hawa da kansa.

A nan ne ɓarnar take a ganina. Mulkin zaɓe bashi ne, kuma mai kujera yana biyan wanda ya yi imani shi ya ba shi ita. In zuciyarsa ta ce masa matan da suka yi layi cikin rana a Kudai ko Sakwaya ne, to rijiyar burtsatsensu za ta dame shi. In ta ce masa layar da aka binne ce, sai ka ga kujerar Makka da fili da takardar ɗaukar aiki sun nufi gida guda. Daga nan tsoro ya shigo. Ba ya zama a kujerar wanda ya gada sai an canza ta, ba ya cin abincin taro, yana ƙin musabaha da wasu, ciwon kai kaɗan an ce sammu ne. In ya faɗi zaɓe ba zai taɓa tambayar abin da ya yi wa mutane lokacin ambaliyar 2022 ba, tunda an riga an gaya masa jifa aka yi. Har rantsar da daliget da Alƙur'ani kafin zaɓen fitar da gwani daga wannan tunani ta fito: a ɗaure mutum da tsoro tunda ba a shawo kansa da aiki ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ɗan takara ya roƙi Allah, ya yi sadaka, ya nemi mutanen kirki su sa shi a addu'a, ba wanda ya isa ya hana. Kuma ba na ganin laifin alarammomi da gardawan tsangayu kamar yadda wasu 'yan boko suke gani. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan allo, ba albashi, ba wanda ya tuna da shi sai shekara huɗu ta zagayo, in an kira shi sauka aka miƙa masa ɗan abin cefane, me kake so ya ce? Mafi yawan kuɗin ma ba ya isa hannunsa. A aljihun dillalin da ya haɗa shi da mai gida yake maƙalewa.

Waɗanda nake jira su ne masu mumbari. Na sha jin huɗuba mai zafi a kan matan da ke zuwa wurin boka saboda kishiya, ana kawo hadisin da ya ce ba a karɓar sallar mai zuwa wurin ɗan duba har kwana arba'in. Hukuncin bai ware mai babbar riga ba. Amma in mai gida ya shigo masallaci ranar Juma'a da 'yan rakiyarsa aka buɗe masa sahun gaba, sai huɗubar ta koma kan muhimmancin yi wa shugabanni biyayya.