Taken Taurari: Tarke a Kan Kiɗan Wasannin Bidiyo na Tsohon Yayi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a unguwar G.R.A. ta Maiduguri cikin shekarun 1990 ba zai kasa tuna wani siririn sauti da kan fito ta tagogin falo da la'asar ba, musamman idan an yi sa'a wutar lantarki ta zauna. Sautin 'yar na'urar wasan bidiyo ne, wadda yara ke kira gem, ana jona ta da talabijin, yaro ya tuƙa jirgi a tsakanin taurari yana harbin dodanni. Manya a lokacin hayaniya kawai suka ɗauke shi. A yau kuwa wannan sauti ya zama salo mai zaman kansa, har masu tsara sababbin wasanni suna komawa gare shi da gangan, alhali suna da na'urorin da suka fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna wannan kiɗa da ma'aunin da muke auna kiɗanmu na gargajiya, sa'an nan mu duba abin da ya kamata matashinmu ya yi idan ya tashi tsara wa wasan tafiya sararin samaniya kiɗa.

2.0 Asalin Salon

A shekarar 1978 kamfanin Taito na ƙasar Japan ya fitar da wasan Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira. Kiɗan wasan gaba ɗayansa sautuka huɗu ne masu kauri da ke maimaita kansu, suna ƙara sauri yayin da wasa ke ƙara zafi, har mai wasa ya ji kamar bugun zuciyarsa ne. Daga baya, a 1983, kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom, wadda ita ce aka yi ta kwaikwayo ana kawo mana a kasuwanninmu. Muryoyi biyar kacal gare ta: biyu sirara masu ɗaukar kari, ɗaya mai kauri da ke riƙe gindin kiɗa, ɗaya mai shuu kamar iska, sai ta biyar mai sako ɗan guntun sauti da aka naɗa. A kan wannan na'ura Hirokazu Tanaka ya tsara kiɗan Metroid a 1986, labarin jaruma Samus da ta sauka ita kaɗai a wata duniya mai suna Zebes. Tanaka ya ƙi cika wasan da kari mai daɗin rerawa. Ya bar mai wasa cikin amo mai sa tsikar jiki tashi, har da wuya a bambance kiɗa da motsin halittun wurin, ya ajiye sassanyan kari sai ga wanda ya kai ƙarshe. A ganinmu wannan shi ne ƙololuwar hikimar salon, domin ƙarancin kayan aiki ya tilasta wa makaɗi sanin inda zai yi magana da inda zai yi shiru.

3.0 Ma'aunin Gida

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya shekara da shekaru yana riƙe taro. Haka Haruna Uji da gurminsa. Maimaici kuma, wanda wasu ke ɗauka aibi ne a kiɗan gem, shi ne ƙashin bayan waƙar baka, domin amshi ke riƙe waƙa yayin da jagora ke yawo da ɗiyanta, kamar yadda kowa ya sani a waƙoƙin Alhaji Mamman Shata. Mai wasan da zai shafe sa'a guda a mataki ɗaya yana bukatar karin da zai dawo sau ɗari bai gundure shi ba, kuma wannan ita ce matsalar da makaɗanmu suka daɗe da warwarewa a fagen noma da fagen dambe.

Bugu da ƙari, muna da take. Manomi da takensa, ɗan dambe da nasa, mafarauci da nasa, da an kaɗa kowa ya san wa ake kira tun ba a ambaci suna ba. Abin da kiɗan wasa ke yi ke nan: kowace duniya da jarumi ya sauka tana da karinta, kowane babban dodo yana da nasa, har mai wasa ya san haɗari ya matso kafin idonsa ya gani.

4.0 Waɗanda Suka Riga Mu

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga sun gwada sa karin gida a bakin na'ura. Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kiɗansa a Yamai a 1978, wato shekarar da Space Invaders ya fito, da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Kaset ɗin bai yaɗu sosai ba, amma rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗan tsakanin shirye-shirye, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013. Wanda ya saurari "Salamatu" zai ji kari ɗan kaɗan yana tafiya a hankali bisa bugu maras canzawa, kamar ayari a fili mai faɗi. Bayansa sai Hama, shi ma daga Yamai, wanda kiɗansa ya fara yaɗuwa daga waya zuwa waya kafin a buga masa Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. Masu saurare a ƙasashen waje sun yi ta kamanta kiɗan Hama da na tsofaffin wasannin bidiyo da finafinan sararin samaniya, alhali tushensa karin waƙoƙin Sahara ne.

Sai dai tarke ba ya cika sai da faɗin naƙasu. Kiɗan Mamman Sani na natsuwa ne, zai dace da jirgi mai shawagi, amma babu fargaba a cikinsa, kuma wasa ba ya yiwuwa sai da fargaba. Na biyu, duk wanda ya dogara da bugun da kamfani ya riga ya zuba a cikin fiyano, to ya miƙa wa baƙo ragamar rawarsa. Wannan cuta ita ta kama waƙoƙin finafinan Hausa da yawa tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya maye gurbin kalangu, aka wayi gari waƙa goma bugunsu ɗaya. Na uku, madannan fiyano tsayayyu ne, ba su iya lanƙwasa sauti yadda makaɗi ke matsa tsirkiyar kalangu a hammata. Abin sha'awa shi ne siraran muryoyin Famicom suna iya zamewa daga sauti zuwa sauti, saboda haka tsohuwar na'urar ta fi kusa da kalangu a wannan fuska. Tunda Hausa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da faɗau, ana iya sa ta ta faɗi kirari ba tare da kalma ko ɗaya ba.

5.0 Abin da Ke Gabanmu

Masana kimiyya sun tabbatar da cewa sauti ba ya tafiya a sararin samaniya, domin babu iskar da za ta ɗauke shi. Ke nan duk amon da muka saba dangantawa da taurari ƙirƙira ce ta wasu mutane a Japan da Amurka, kowa ya ɗebo daga abin da kunnensa ya saba da shi. Babu dalilin da zai sa ɗalibin da ke zaune a Maiduguri, inda algaita da ganga ke tashi a ƙofar fadar Shehu, ya kwafi karin wani ya ce shi ne muryar sama. Kayan aikin ma sun samu, domin manhajar FamiTracker kyauta ce, kuma tana kwaikwayon muryoyin nan biyar a ƙaramar kwamfuta. Dabarar sana'ar ana iya koyonta daga ko'ina. Alal misali, Ben Prunty a wasan FTL na 2012 ya yi wa kari ɗaya fuska biyu, ta yawo da ta yaƙi, suna musayar wuri gwargwadon halin da mai wasa ya shiga. Makaɗin farauta zai gane wannan nan take. Abin da ba a arowa shi ne karin kansa. Muryar shuu tana iya zama iskar hunturu ko caki, mai kauri ta ɗauki aikin ganga, sirara biyu su yi jagora da amshi. Taurarin ma muna da sunayensu: Zara matar wata, da Gamzaki, da Kaza da 'Ya'yanta, kowanne yana jiran a yi masa take.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin wannan salo yana cikin taƙaita kayan aiki, da maimaici, da take, waɗanda dukkansu tsofaffin dukiyoyin kiɗan Hausa ne. Yara suna shafe sa'o'i da wasa a waya fiye da yadda suke zama gaban kaka don tatsuniya, kuma karin da ya shiga kunne a ƙuruciya da wuya ya fita. Idan muka bari wannan fage ya cika da aro, kunnen 'ya'yanmu zai girma bai san kalangu ba. Shawararmu ga ɗalibai masu sha'awar wannan aiki ita ce su fara zama da makaɗi su koyi take uku ko huɗu da ma'anarsu, sa'an nan su kunna kwamfuta. Ga malamai kuma, lokaci ya yi da za a ba irin wannan kiɗa gurbi a darussan adabin baka na zamani, a tarke shi yadda ake tarken waƙa.