Jarfar Samowa: Aikin Haure da Sanda

A tsibiran Samowa da ke tekun Pasifik akwai wata jarfa da ake yi wa maza, wadda suke kira pe'a. Tana farawa daga sama da ƙugu ta gangaro har ƙasan gwiwa, ta rufe fata kusan gaba ɗaya, har mai hangen mutum daga nesa ya ɗauka gajeren wando ya sa. Tun 1891 Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin jarfa mai lantarki a birnin New York, amma har gobe da hannu ake buga pe'a. Mai bugawar shi ake kira tufuga, wato gwanin sana'a, kuma aikin gado ne. Gidan Sulu'ape ya fi yin suna a kai.

Tufuga da kansa yake haɗa kayan aikinsa. Babban makaminsa sunansa au. A bisa al'ada, hauren alade ake samu a goge shi a kan dutse har ya zama falle siriri, sannan a fiƙe bakinsa ya fitar da haƙora ƙanana, tsini daidai da tsini. Haƙori ɗaya ya ɗara 'yan uwansa tsawo, to shi zai riƙa yaga fata. Sai a ɗaure fallen a jikin guntun ɓawon kunkurun teku, shi kuma a ɗaure shi a kan ƙota, da igiyar da aka tufka daga zaren kwakwa. Akwai ƙaramin au na ɗige-ɗige, akwai na jan layi, akwai kuma faffaɗa na cike fili da baƙi. Tawadar kunkunniya ce: ana ƙona wani ƙwallo mai maiƙo da suke kira lama, a kankare baƙin da hayaƙinsa ya bari, a dama da ruwa a ƙoƙon kwakwa.

Ranar aiki, wanda za a yi wa jarfa zai kwanta a tabarma, 'yan uwansa su zauna gefe suna rera waƙa don ɗauke masa hankali. Tufuga ya tanƙwashe ƙafa, au a hannu ɗaya, a ɗayan kuma siririyar sanda mai suna sausau. Zai tsoma haƙoran a tawada, ya tsayar da su dab da fata ba tare da sun taɓa ta ba, sannan ya ƙwanƙwasa ƙotar da sandar. Haƙoran su nutse, su dawo, ya matsa gaba kaɗan, ya sake. Ƙas, ƙas, ƙas, haka za a wuni.

A nan gwanintar take. Saman fata kullum saɓulewa yake yana sabuntawa, saboda haka tawadar da ta tsaya a can, ba da jimawa ba za ta kau. Wadda ta zarce ƙasa da yawa kuma sai ta bazu, layin ya dagule. Tsakanin biyun akwai wani sashe na fata da kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma nan ake so kowane bugu ya tsaya. Ba ma'auni ko ɗaya a hannun tufuga. Da nauyin da yake ji a wuyan hannunsa yake aunawa, ga shi fatar cinya daban, ta kan haƙarƙari daban, ta bayan gwiwa daban. Wanzamin da ya taɓa yin jarfa da aska zai gane abin da ake faɗa.

Kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Mataimaka biyu ko uku ne ke durƙushe suna ja da fatar, su miƙar da ita tamau, suna goge jini da tawada da ƙyalle. Suka sassauta kaɗan, layi ya karkace, kuma babu gogewa. A wannan durƙuson almajiri yake shafe shekaru, yana kallon hannun maigidansa, kafin a yarda ya riƙe sanda. Wanda ya sayi inji mai arha ya kwana yana kallon bidiyo, ya wayi gari yana zanen abokai, bai san ana wannan zaman ba.

Zanen a cikin kan tufuga yake, ba a takarda ba. 'Yan alamomi kawai yake shatawa a fata kafin bugu. Daga gadon baya ake farawa, a bi tsari sashe bayan sashe, ana hutawa ana wanke rauni, har tsawon makonni. Cibiya ce ta ƙarshe. Idan aka buga ta, sai a yi biki, a shafe jikin da man kwakwa da gangamau, a sallami tufuga da tabarmi masu daraja. Mata kuma nasu zanen, malu, ya fi sauƙin baƙi, daga cinya zuwa gwiwa.

Malamanmu na addini sun yi hani da jarfa, kuma 'yan mishan da suka sauka Samowa a 1830 su ma sun yaƙe ta. A Tonga maƙwabciya dokar 1839 ta haramta ta, sana'ar ta mutu na dogon lokaci. A Samowa ba ta taɓa yankewa ba, domin matashi da pe'a yake nuna ya isa yi wa dangi da sarakuna hidima, wanda kuwa ya gudu aiki bai ƙare ba, abin kunyar har danginsa yake shafa. Yau tufuga da yawa sun maye haure da ƙarfe, ɓawon kunkuru da roba, don a iya kashe ƙwayoyin cuta, suna kuma bin mutanensu har Oklan ta Niyu Zilan da Amurka suna buga musu.